Kafin mu yaba fiffike, mu dubi agogon jirgin

Wani ɗalibina na ajin ƙarshe a lise ya tare ni bayan an tashi, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani dattijo a Amurka da ya haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a garejin gidansa. Jirgin ya daɗe yana tashi, amma yanzu mutumin ya kwance allon da ke gaban matuƙi, ya cire tsofaffin agogai masu allura, zai sa allon gilashi guda biyu irin na babbar waya. Yaron ya ce: "Mushe, ashe duk waɗannan agogan waya ɗaya ta ishe su. To mu me ya sa kuke wahal da mu da lissafin matsin iska?"

Na ba shi amsa a gurguje, amma tambayar ta bi ni har gida, don na san iyaye da yawa haka suke tunani, har da wasu daga cikinmu malamai.

A Amurka doka ta yarda mutum ya ƙera jirgi da kansa, muddin shi ya yi mafi yawan aikin, abin da suke kira dokar kashi 51 cikin 100. Dalilin da dokar ta ambata shi ne neman ilimi ko nishaɗi, kuma wannan ya kamata ya ja hankalin malami. Ƙungiyarsu ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana taro kowane watan Yuli a garin Oshkosh, inda jirage wajen dubu goma ke sauka. Kamfanin Van's kaɗai, mai sayar da sassan da ake haɗawa a gida, jiragensa da suka tashi sun haura 11,000. Abin bai ma yi mana nisa sosai ba: jirgin koyon tuƙi na sojan saman Najeriya mai suna Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna, a kan samfurin RV-6A na wannan kamfani aka yi shi.

Tsohon allo yana da agogai shida. Uku da iska suke aiki: na gudu, na tsayi daga ƙasa, da na saurin hawa ko sauka. Sauran ukun suna da ƙarfe mai juyawa kamar katantanwar yara, su ke gaya wa matuƙi ko jirgi ya karkata, ko yana juyawa, da inda hancinsa ya dosa. Galibi wani famfon zuƙar iska da ke jikin inji ne ke juya biyu daga cikinsu, kuma famfon nan yana mutuwa ba sallama. Sabon allo, irin na Dynon ko Garmin, ya maye gurbin katantanwar da ƙananan na'urorin ji irin waɗanda ke juya hoto idan ka kwantar da wayarka. Ya fi sauƙin nauyi, yana nuna taswira da zafin inji da yawan mai a wuri guda. Ba na musun ya fi kyau. Da ni ne mai jirgin, da na saya. Har ma a 2016 hukumar jiragen saman Amurka ta yarda a sa wata na'urar Dynon, wadda masu jiragen gida suka daɗe suna amfani da ita, a cikin wasu jiragen Cessna da Piper ƙirar masana'anta. Wato ƴan gareji ne suka share hanya.

Sai dai akwai abin da ɗalibina bai lura da shi ba a bidiyon. Bayan sabon allon, akwai siraran tiyo guda biyu da dattijon ya cire daga tsofaffin agogai ya mayar jikin sabuwar na'ura. Ɗaya yana zuwa wani ɗan bututu da ke ƙarƙashin fiffike yana fuskantar gaba, wanda ake kira bututun Pitot, ɗayan kuma yana zuwa wata ƴar huda a gefen jirgi. Bambancin matsin iska tsakanin biyun shi ne gudun jirgi. Allon komi tsadarsa abin da tiyon nan suka kawo masa zai rubuta. A watan Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Ɗaya daga bututun ya toshe, kuma masu bincike sun fi zargin zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da jirgin ke ajiye. Zanzaro dai, wanda ke gini a kusurwar ɗakunanmu. A 2009 kuma ƙanƙara ta toshe bututun jirgin Air France da ya taso daga Riyo zuwa Paris, matuƙan suka rikice, mutum 228 suka tafi. Wannan jirgi allon gilashi ne gaba ɗaya.

Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta fitar da wani nazari a 2010 kan ƙananan jirage. Ta gano masu allon gilashi ba su kai masu tsofaffin agogai yawan haɗari ba, amma sun fi su yawan haɗarin da ake mutuwa. Akwai dalilai, ciki har da cewa masu irin waɗannan jirage sun fi yin doguwar tafiya da shiga mummunan yanayi. Shawarar da hukumar ta fi nanatawa ita ce a ƙara horar da matuƙa su san yadda na'urar ke aiki da yadda take lalacewa.

Shi ya sa mai hankali a cikin masu jiragen gida, in ya canza allo, ba ya rufewa ya tashi. Yana zana hanyar kowace waya a takarda, ya sa mata alama, ya lissafa wutar da kowace na'ura ke sha don ya san fiyus ɗin da ya dace. Yana sa ƙaramin batir na ko-ta-kwana, da yawa kuma suna barin agogo ɗaya ko biyu masu zaman kansu. Yana hura tiyon a hankali ya ga ko suna yoyo. Sannan ya sake ɗora jirgin a kan sikeli, don cire kilo kaɗan daga gaba yana matsar da tsakiyar nauyi baya, kuma jirgin da nauyinsa ya koma baya da yawa ba ya jin linzami. Duk ya rubuta a littafin jirgin ya sa hannu.

To mu a nan me muke yi? Duk bayan ɗan lokaci sai a ga hoton wani matashi, a nan Nijar ko a ƙetaren iyaka, ya haɗa jirgi da langa-langa da injin babur. A yi ta yaɗawa a Facebook, a ce gwamnati ta taimaka masa. Ni ma ina jinjina wa ƙoƙarin, don hannun da ya iya walda haka ba abin rainawa ba ne. Amma ban taɓa jin wani cikin masu yabon ya tambaye shi nauyin abin kilo nawa ne, ko ina tsakiyar nauyinsa take, ko da me zai san gudunsa ba. Idan wata rana ɗaya daga cikinsu ya yi nasarar barin ƙasa da gaske, ina tsoron abin da zai biyo baya, kuma mu da muka zuga shi muna da kaso a ciki. Laifin namu ne malamai kafin nasa: shekara bakwai yaro yana sakandare yana kwafar darasin matsi daga allo zuwa kaye, bai taɓa auna matsin komi da hannunsa ba.

Na san abin da za a ce mini. Makarantar da ɗalibai ke zaune a ƙasa cikin ajin zana, ina ita ina zancen jirgin sama? Gaskiya ne ba mu da ɗakin gwaji. Amma agogon gudun jirgi ana yin sa da tiyon ƙarin ruwa na asibiti, da rula, da ruwa mai ɗan launi. Ka lanƙwasa tiyon kamar harafin U a jikin katako, ka fito da baki ɗaya ta tagar mota yana fuskantar gaba. Lissafi ya ce a gudun kilomita 60 a awa, bambancin ruwan zai kai kusan santimita 1.7, in an ninka gudun kuma ya ninka sau huɗu. Mun gwada da motar wani abokin aiki a bayan gari, muka samu ƙasa da haka kaɗan, wajen ɗaya da rabi. Yara suka ce rular ce ba daidai ba. Sai muka koma lissafi: adadin littafi na iskar bakin teku ce mai zafin digiri 15, mu kuwa muna Damagaram, mita wajen 460 sama da teku, cikin zafin bazara. Iskarmu ta fi sauƙi. A ranar da zafi ya kai digiri 43, jirgin da zai tashi daga filinmu ji yake kamar yana kan dutse mai tsayin kusan mita 1,600, sai ya ci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Ba a taɓa yin darasin da ajin ya yi tsit haka ba.

Ga iyaye kuma, masu ganin sayen babbar waya ko kwamfuta shi ne an gama da karatun yaro: ban ce kada ku saya ba. Amma in ɗanku mai son kwance rediyo ne, kada ku kore shi daga rumfar mai gyara, ku tambaye shi abin da mitar mai gyaran ke aunawa. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, tun 1963 take horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masu hasashen yanayi, da masu gyaran na'urorin lantarki na filayen jirgi, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama. Da jarrabawa ake shiga, kuma lissafi da fizik ake tambaya. Yawancin ɗalibaina ba su taɓa jin sunanta ba sai da na faɗa.

Yaron da ya kawo bidiyon shi ya riƙe katakon a mota. Da muka dawo ya ce yana zargin iskar da ke shiga ta taga tana taɓa ɗaya bakin tiyon, wanda muka bari a cikin mota, don haka awon bai cika ba. Yana da gaskiya, kuma dalilin da ya sa ake yi wa jirgi waccan ƴar huda a gefe ke nan. Ya nemi in ba shi aron kayan har ranar Litinin.