Na haɗa rediyo da hannuna, ya ƙi yin magana

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri. Na haɗa rediyon aika saƙo da karɓa, irin na masu rediyon sha'awa, ya ƙi aiki kwana tara. A kwanakin nan na gane cewa ina aji uku a sashen injiniyan lantarki amma ban iya neman matsala a cikin na'ura ba 🧵

2/ Sunansa QCX. Wani Baturen Ingila, Hans Summers, ya ƙirƙiro shi a 2017, kamfaninsa QRP Labs ke sayarwa. Kaya ne a warwatse cikin leda, kai za ka liƙa su da dalma. Saƙon Morse kawai yake yi, ƙarfinsa bai wuce wat 5 ba. Na zaɓi na zangon mita 40, wato wajen 7 MHz.

3/ Na gama, na jona 12V, allo ya kawo rubutu tas. Har na ɗauki hoto zan ɗora. Na saka abin sauraro a kunne: shiru. Shuuu kawai, ita ma can ƙasa.

4/ Abu na farko da ya zo min a rai: "an turo min mataccen kaya". Na biyu: in canza IC. Abokina ma cewa ya yi, "Kai malam, kai wa mai gyara kawai." Duk mu biyun ba wanda ya ce a ɗauko mita a auna. Wannan shi ne ciwon namu.

5/ Ra'ayina ke nan, ku yi ta zagina: canza kaya kafin ka auna caca ce, ba gyara ba. Da kuɗin dala kake yin ta kuma.

6/ Rana ta shida na haƙura na koma takardar umarni. Na bi wuta daga inda take shiga, 5V yana nan daidai. Sai na zo kan taransifoma T1, ɗan zobe da kake naɗe wa waya da hannu. Naɗi huɗu ne a zobe ɗaya, ƙafafu takwas. Shi ne wurin da ya fi wahalar da kowa.

7/ Wayar tagullar tana da wani siririn fenti da ke hana wuta wucewa. In ba ka kankare shi ba, ko ka ƙone shi da dalma mai zafi, dalmar za ta zauna a kai tana ƙyalli kamar ta kama, alhali ba ta taɓa tagullar ba. Ido ba ya gani. Mita ce kaɗai ke tona asiri.

8/ Na sa mita a kan ƙara, na bi ƙafafun. Naɗi uku sun yi ɗiiit, na huɗu shiru. Ƙafa ɗaya tak! Na riƙe ƙarfen dalma a kanta kamar daƙiƙa goma har fentin ya ƙone. Shi ke nan. Kayan mutane lafiyarsu ƙalau, ni ne matsalar 😭

9/ Sai saiti. Wallahi nan ne darasin ya shiga kaina. Rediyon yana da injin gwaji a cikinsa, shi yake ba kansa sigina. Kana juya ƙaramar kapasita C1 a hankali kana kallon layi a allo, har ka samu inda ya fi tsawo.

10/ Nawa bai kai ƙololuwa ba har kapasitar ta buɗe gaba ɗaya. Ma'ana naɗin ya yi yawa, sai an rage. Na cire zagaye biyu, ƙololuwar ta dawo tsakiya. Lissafin L da C da na haddace na rubuta a jarabawa, sai ranar na gan shi yana motsi a gaban idona.

11/ Daga nan akwai resista uku masu juyawa, na danne siginar ɓangaren da ba ka so. Su kuma mafi ƙanƙantar layi ake nema. Ka gyara ɗaya, ɗayar ta ɗan goce, ka dawo. Zagaye kake yi har su daidaita. Mai gaggawa ba ya gama wannan.

12/ Gargaɗi: kar ka danna aikawa babu eriya ko madadinta. Transista BS170 guda uku ne ke fitar da ƙarfin, suna iya ƙonewa. Madadin eriya ba wuya: resista 1k guda 20 a jere kafaɗa da kafaɗa, 50 ohm ke nan. Na samu 20V a ƙololuwar sigina, lissafi ya ba ni wat 4.

13/ To ina tambaya: me ya sa sai da na tara kuɗin aljihuna na koyi wannan? A firaktikal ɗinmu mu goma sha ne a kan tebur ɗaya, mutum biyu ke taɓa waya, sauran mu kwafi sakamako. Wani lokacin ma na 'yan bara muke kwafa. Kun san ba ƙarya nake ba.

14/ Na san za a ce kayan da tsada. Gaskiya ne. Amma ba sai QCX ba. A ba kowane rukuni ƙaramin allo da aka ɓata wuri ɗaya da gangan, a ce su nemo. A ba da maki kan yadda suka bi matsalar, ba kan kyan rubutun rahoto ba. Nawa wannan zai ci?

15/ Masu cewa mai gyaran waya a kasuwa ya fi mu, a hannu kam ya fi mu nesa. Ni dalma ma a wurin wani mai gyara na koya, yana min dariya. Shi ya san inda zai taɓa, ni na san dalili a takarda. Kunyar ita ce ni aka ce za a kira injiniya.

16/ Wani ya tambaye ni wai a zamanin WhatsApp me zan yi da Morse. Ban da wata doguwar amsa. Daren da na rataya waya daga taga zuwa bishiyar darbejiya na ji siginar wasu tashoshi tana shigowa, ba data ba sabis, ban yi barci da wuri ba.

17/ Sauraro kawai nake yi tukuna, don aikawa sai da lasisi da lambar kira, na Najeriya da 5N suke farawa. Morse ɗin ma harafi 11 na iya zuwa yanzu, Q da Y suna ta rikita ni. In akwai mai lasisi a nan, don Allah ya yi min magana ta DM, ina da tambayoyi.