Filin Makiyaya: Cutar da ke ɓuya cikin buhu

A unguwar Banifandu ta birnin Yamai, gidaje da yawa suna kiwon kaji, wasu kuma suna turke rago. A da, dusa da tsaba da sauran tuwo su ne abincinsu. Yanzu mai kiwo yana sayen abinci haɗaɗɗe a buhu: masara, dusa, tunkuza, garin kifi da garin ƙashi. Kaza tana saurin girma, ƙwai yana yawa. Amma akwai abin lura.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira salmonela. Ido ba ya ganin ta, hanci ba ya jin warinta. Tana zama cikin hanjin dabba, tana fita tare da kashi. Ɓera, tsuntsu da ƙadangare suna kai ta cikin sito. Garin kifi da garin ƙashi da ba su sha wuta sosai ba, su ma suna ɗauke da ita. Kaza tana iya cin ta ba ta nuna ciwo ba, amma ta sa ta cikin ƙwai da nama. Mutumin da ya ci sai zawo, zazzaɓi da murɗar ciki. Ta fi tsananta ga yara da tsofaffi.

Masana'anta guda tana ciyar da kajin gidaje masu yawa, don haka ɓarnarta ba ta tsayawa wuri ɗaya. A Amurka, cikin shekarar 2010, an janye ƙwai fiye da miliyan 500 daga kasuwa. Da ma'aikatan gwamnati suka bi sawu, sun tarar da ƙwayar har cikin abincin kajin.

Shi ya sa binciken gwamnati yake da muhimmanci. Mai bincike yana duba rufi ko yana yoyo, da sito ko akwai kashin ɓera, da injin ko ana share shi. Yana ɗibar abinci da ƙura ya kai ɗakin awo, inda ake gwada giram 25. Sakamako yana ɗaukar ƴan kwanaki. A Yamai akwai LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa. In an ga ƙwayar, sai a tsai da kayan, a wanke wurin. Kada mai masana'anta ya ji haushi: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai mai bincike ba ya bin buhu har gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A aza buhu bisa katako, a rufe bakinsa, a nisanta shi da laima. A wanke hannu da sabulu bayan sharar akurki. A dafa ƙwai da nama su nuna sarai, domin wuta tana kashe ƙwayar. In kaji sun fara zawo suna mutuwa, a sanar da likitan dabbobi tun da wuri, a nuna masa buhun da suka ci.