A Bar wa Tsohuwar Mini Injin da Ta Zo da Shi

Wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin tsohuwar Mini ta Ingila zai tuna yadda abin ya ɗaure masa kai. Injin a kwance yake a gicciye, lagireto na gefe kusa da tayar hagu, giyabos kuma na ƙarƙashin injin, su biyun suna shan baƙin mai ɗaya. Ga matsi, da ƙyar hannun bakanike ke shiga da sifana. Motar gaba ɗaya tsawonta mita 3 ne da 'yan kai, tayoyinta inci 10, amma manya huɗu na zama a ciki. Abin da ke jan ta a ranar da ta fito, cikin watan Agustan 1959, inji ne mai cc 848 da ƙarfin doki 34.

Yau wannan ƙaramin inji shi ne farkon abin da masu gyaran tsofaffin motoci da yawa ke tsigewa. Sai a sauke shi, a jingine a kusurwar gareji, a ɗora mai cc 1275 da aka ciro daga wata motar, a ce an inganta ta. Wannan ɗabi'a kuskure ce, kuma tarihin motar da kansa ya isa hujja.

Ƙanƙantar injin ba talauci ne ya jawo ta ba, da gangan aka yi. Rikicin mashigin Suez na 1956 ya sa Birtaniya ta koma raba man fetur da ƙayyadewa, jama'a suka ruga sayen ƙananan motocin Jamus masu kama da ƙwai. Leonard Lord, shugaban kamfanin BMC, ya umarci injiniyansa Alec Issigonis ya zana ƙaramar mota ta gaske, da sharaɗin ya yi amfani da injin da kamfanin ke da shi a hannu. Injin kuwa shi ne A-series, wanda ya fara aiki a Austin A30 a 1951 da cc 803, ya shiga Morris Minor a 1952, sannan ya girma zuwa 948 a 1956. Dattawan da suka shiga tasin Morris Minor a biranen Najeriya sun ji kukansa, ko da ba su san sunansa ba. Motocin gwaji na Mini da mai 948 aka gina su, sai aka ga gudun ya yi wa mota mai wannan rashin nauyi yawa. Aka rage tafiyar fistin, injin ya sauko 848, motar ta tsaya a wajen kilomita 115 a sa'a. Ashe wanda ya cire wannan inji ya cire shawarar da masu motar suka yanke da idonsu biyu.

Sai kuma ga John Cooper, mutumin da motocinsa suka ci gasar Formula 1 a 1959 da 1960. Shi ya hango motar tsere a jikin motar cefane. A 1961 Mini Cooper ta fito da cc 997, kafireto biyu, birkin faifai a gaba, da ƙarfin doki 55. A 1964 aka maye gurbinsa da mai 998.

A nan ne labarin ya fi daɗi, a nan ne kuma masu kallon lamba kawai ke ɓata. Tsakanin 997 da 998 cc ɗaya ce tal, wadda ba ta cika cokalin shayi ba, amma injuna biyu ne masu halin daban. Girman inji na fitowa ne daga abu biyu: faɗin ramin silinda, da nisan da fistin ke yi sama da ƙasa. Mai 997 raminsa tsukakke ne, wajen milimita 62, tafiyar fistinsa doguwa, ta haura milimita 81. Mai 998 an faɗaɗa ramin zuwa kusan 65, an rage tafiyar zuwa 76. Idan tafiya ta gajarta, fistin ba ya wahala sosai a kowane juyi, injin ya fi sakin jiki idan aka taka totur, ya kuma fi daɗewa. Shi ya sa 998 ya zauna a Mini har farkon shekarun 1990, kuma makanikai da dama a Ingila na ɗaukarsa mafi laushi a duk dangin.

Mini Cooper S ta ƙara fito da abin fili. Injuna uku aka yi mata, duka da faɗin rami ɗaya, milimita 70.6, tafiyar fistin ce ke bambanta. Mai 1071 ya fito a 1963 da doki 70. Mai 970 an yi shi ne don motar ta cancanci shiga rukunin tseren da ba a wuce cc 1000, kuma ba a ƙera dubu cikakke ba, shi ya sa yau samunsa sai an tona. Mai 1275 ya zo a 1964 da doki 76, yana kusantar kilomita 155 a sa'a. Kowace lamba amsa ce ga wata doka ta tsere ko wata buƙata ta mai saye.

Injin da ya fara kai Mini ga ɗaukaka ma ba shi ne mafi girma ba. Paddy Hopkirk ya ci tseren Monte Carlo na 1964 da mai 1071, ya bar motoci masu injuna da suka ninka nasa sau uku da huɗu suna fama da ƙanƙara a tsaunuka. Timo Mäkinen ya maimaita a 1965, Rauno Aaltonen a 1967. A 1966 Mini ce ta zo ta ɗaya, ta biyu da ta uku, alƙalai suka soke su kan batun fitilun gaba, aka miƙa kofin ga Citroën, abin da har yanzu ke yi wa masoya motar ciwo.

Masu sauya inji suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Hanyoyin yau sun fi na 1959 gudu, shiga babban titi da doki 34 tsakanin tireloli na buƙatar haƙuri. Injin 1275 kuma ya yawaita bayan da aka zuba shi a Austin Metro daga 1980, kayan gyaransa na da sauƙin samu. Mai mota yana da iko da dukiyarsa.

Sai dai ko 1275 ɗin ba iri ɗaya ba ne. Na Cooper S an yi masa kiranshaf na ƙarfe mai tauri da manyan bawul. Na Mini 1275 GT da ta fito a 1969 kafireto ɗaya ne da doki 59. Na ƙarshe, daga 1996, ba shi da kafireto ko ɗaya, da na'ura yake fesa mai, yana ba da doki 63. Saboda haka wanda ya ɗora injin Metro a Mini ta 1960 bai samu Cooper S ba, ya kuma rasa 848 ɗinsa. Ƙari a kan haka, birkin ganga da aka yi wa doki 34 ba zai riƙe ninkinsa ba, dole a canza shi, a canza tayoyi, a canza lagireto, har a wayi gari abin da ya rage na asali shi ne gangar jiki da lambar rajista.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da doki. Mini ta farko maɓallin tayar da ita a ƙasa yake kusa da kujerar direba, tagoginta zamewa suke yi gefe, igiya ake ja a buɗe ƙofa, agogon gudu na zaune a tsakiya. Direbanta yana koyon ajiye gudu, ya shiga kwana ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, yana jin kukan giya na tasowa daga ƙarƙashin inji. Haka magidanta da ma'aikatan jinya da ɗaliban Birtaniya suka san ta. Masu Cooper S tsiraru ne.

Tsohuwar Mini ta ƙarshe ta sauko daga masana'antar Longbridge a Birmingham ranar 4 ga Oktoban 2000, bayan an ƙera 5,387,862. Ba za a sake zuba wani injin 848 a wannan masana'anta ba. Mai son gudu ya nemi motar da ta zo da 1275 tun daga farko, suna nan da yawa. Wanda kuwa Allah ya ba 848 ko 998 da injinta na asali, ya gyara shi, ya sa masa sabon ringi da mai mai kyau, ya bar shi a inda Issigonis ya ajiye shi.