Tseren Motoci na Awa 24, da Abin da Na Gani a Cikinsa

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna a Arawa, nan cikin Gombe. Wani dare na tarar da ɗansa, mai koyon kanikanci, ya ƙura wa waya ido yana kallon motoci suna sheƙa gudu cikin duhu. Na ce masa wannan wasan masu kuɗi ne, ina ruwan talaka? Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, zauna ka gani." Da na zauna, na kuma bi na karanta, sai na sāke shawara.

A wani gari na Faransa mai suna Le Mans ake yin wannan tsere. An fara shi a 1923. Hanyar zobe ce, tsawonta kilomita 13 da 'yan kai, ana ta kewaya ta dare da rana har awa 24, wanda ya fi cin nisa shi ya ci. A 2010 wata motar Audi ta yi kilomita 5,410, watau ya fi zuwa Bauci daga Gombe sau talatin.

Abin da ya fi rikitar da baƙo shi ne motocin ba ajinsu ɗaya ba. Mota wajen sittin ke kan hanya lokaci guda, aji uku. Akwai manya da ake kira Hypercar, waɗanda aka ƙera don tsere kawai, da matsakaita, LMP2, kāna LMGT3, masu kama da motar da attajiri zai saya ya hau. Kowane aji da nasa gwani. Saboda haka in ka ga wata ta wuce wata fyau, watakila ba da ita take tsere ba. Ƙa'idarsu ita ce mai ƙaramin gudu ya riƙe layinsa, kada ya yi kwana ba zato, mai babban gudu kuwa shi ke da alhakin neman wurin wucewa lafiya. Akan ɗaga shuɗiyar tuta don na gaba ya san ana tafe bayansa.

Ba da wasa suka koyi wannan ba. A 1955 wata Marsandi da Pierre Levegh ke tuƙawa ta hau bayan wata ƙaramar mota da ta kauce a gabansa, ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo. Shi da mutum fiye da 80 suka mutu.

Amma dokar da ta fi kama hankalina ta gajiya ce. Wannan Levegh ɗin a 1952 ya yi kusan awa 23 yana tuƙi shi kaɗai, yana kan gaba, sai inji ya lalace saura kamar awa guda. Yanzu ba a yarda da haka ba. Kowace mota direba uku gare ta, ba mai wuce awa 4 cikin kowace awa 6, ko awa 14 duka duka. To, jama'a, waɗannan fa gwanaye ne, ga likitoci a gefe, ga hanya sumul ba rami.

Mu fa? Hanyar Gombe zuwa Bauci ita ma aji aji ce: tirela, da bas, da keke Napep, da mai babur ɗauke da buhun masara, ba tuta, ba mai riƙe layi. Na taɓa shiga motar dare daga Kano, direban ya faɗa da bakinsa cewa tun asuba yake kan hanya. Goro yake ci yana gyangyaɗi, mu kuwa muka yi tsit, kowa na jin nauyin magana. Ni ma ban ce uffan ba, har yau kuwa ina jin kunyar wannan.

Ina ganin ya kamata shugabannin tasha su hana motar doguwar tafiya tashi da dare sai da direba biyu, ko da kuɗin mota zai ɗan ƙaru. Mu da za mu koma gida ƙarshen wannan zango, kafin mu biya, mu tambayi direba tun yaushe yake tuƙi. In ya yi fushi, akwai wata motar a baya.