Gadon Nansen: Ana rububin ƙasar ƙanƙara, an juya wa 'yan gudun hijira baya

Tun da Shugaba Donald Trump ya sake farfaɗo da buƙatarsa ta Amurka ta mallaki tsibirin Girinlan, wanda ke ƙarƙashin masarautar Danmak, hankalin manyan ƙasashe ya koma ƙuryar arewacin duniya. Rasha na faɗaɗa hanyar jiragen ruwa da ta bi gaɓarta ta arewa, ita kuwa Sin tun a 2018 ta ayyana kanta a matsayin maƙwabciyar yankin. A daidai wannan lokaci ne Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage dubban ma'aikata a 2025 saboda janyewar tallafi. Waɗannan labarai biyu sun haɗu a rayuwar mutum guda, Fridtjof Nansen, ɗan ƙasar Norwe.

An haifi Nansen a 1861. Ya karanci ilimin dabbobi, ya kuma sami digirin dakta a 1888 kan jijiyoyin halittun ruwa. A shekarar ce shi da mutum biyar suka zama na farko da suka ratsa Girinlan daga gaɓa zuwa gaɓa, suna jan kayansu a kan ƙanƙara. Da gangan ya faro tafiyar daga gabas, inda kusan babu kowa, domin kada wani ya yi tunanin komawa da baya.

Babban aikinsa ya zo a 1893. Tarkacen wani jirgin Amurka mai suna Jeannette, wanda ya nutse a arewacin Saiberiya a 1881, ya ɓulla a gaɓar Girinlan bayan shekara uku. Nansen ya fahimci cewa ƙanƙarar tekun tafiya take yi. Sai ya sa aka ƙera masa jirgi mai zagayayyen ciki, Fram, wanda idan ƙanƙara ta matse shi za ta ɗaga shi sama maimakon ta murƙushe shi. Manyan masana sun ce ganganci ne. Jirgin ya shekara uku ƙanƙara na tafiya da shi, ya fito lafiya a 1896. A tsakani, Nansen da Hjalmar Johansen sun bar jirgin da karnuka, suka kai digiri 86 da ɗoriya a watan Afrilun 1895, inda ba a taɓa kaiwa ba. Abin da ya fi wannan bajinta daraja shi ne awon da aka yi a jirgin, wanda ya nuna cewa teku ne mai zurfin fiye da mita 3,000 a wurin.

Wannan awo ne ma'aunin da ake gwada sauyin yau da shi. Daga 2019 zuwa 2020, jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya maimaita dabarar, amma ƙanƙarar ta fito da shi kafin shekara ta cika, domin ta yi sirara kuma tana gudu. Hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1979 sun nuna cewa ƙanƙarar da ke saura a watan Satumba na raguwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari duk shekara goma. Narkewar ce ta buɗe hanyoyin ruwa, ta kuma kusanto da ma'adinai. Abin da masana ke kallo a matsayin gargaɗi, 'yan siyasa sun ɗauke shi ganima.

Nansen bai tsaya kan sunan da ya yi ba. A 1920 Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta ɗora masa nauyin mayar da fursunonin Yaƙin Duniya na Ɗaya gida, ya mayar da sama da 400,000. A 1921 ya zama kwamishinanta na farko kan 'yan gudun hijira. Da ya ga ɗimbin Rashawan da aka ƙwace wa shaidar zama ɗan ƙasa, sai ya fito da takardar tafiya da aka sani da fasfon Nansen, wadda ƙasashe sama da 50 suka amince da ita. Da yunwa ta afka wa Rasha a 1921, gwamnatoci suka ƙi ba da kuɗi don ƙiyayyar gwamnatin gurguzu, ya koma neman taimakon jama'a da ƙungiyoyi. Ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1922. Aikin nasa bai rasa tabo ba: musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, wadda yake da hannu wajen tsara ta, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi da mahaifarsu ala tilas.

Sunansa ba baƙo ba ne a Arewacin Najeriya. Lambar yabon Nansen, wadda aka kafa a 1954, ta zo Maiduguri a 2017, inda aka ba Barista Zannah Mustapha, wanda makarantarsa ke karɓar marayun kowane ɓangare na rikicin Boko Haram. Hukumar da ke ba da lambar ita ce ke kula da 'yan Najeriya a sansanin Minawao na Kamaru da yankin Diffa na Nijar, da mutanen Sudan da yaƙi ya koro gabashin Chadi tun 2023. Idan asusunta ya bushe, a can za a fara ji a jika.

A ƙarshen 2024, waɗanda aka raba da muhallinsu a duniya sun haura miliyan 120. Nansen ya rasu a 1930, bayan ya shafe shekara goma yana ƙwanƙwasa ƙofofin gwamnatocin da ke cewa ba su da kuɗi. Uzurin bai sauya ba, alhali ƙasashen da ke kawo shi a yau suna ware maƙudan kuɗi don jiragen fasa ƙanƙara da sansanonin soja a yankin da ya auna. Ga gwamnatocin yankin Tafkin Chadi, saƙon a fili yake: wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci zai iya kwana da yunwa. Kasafin kula da 'yan gudun hijira ya zama wajibi ya fito daga gida.