Masu Satar Amsa a Intabiyu, Ƙofar Wa Kuke Rufewa?



Ya 'yan'uwana matasa, yau da ɗacin rai na zauna rubutu. Wani ɗan'uwa da muka koyi rubuta manhaja tare ya aiko min da saƙo yana min dariya, wai har yanzu ina kwana kan tambayoyin LeetCode alhali akwai manhajar da ke laɓewa a fuskar kwamfuta, ta karanta tambaya, ta rubuto amsa, mai yi maka intabiyu bai gani ba. Ya ce wayo ne. Ni kuwa na ce algus ne, irin na mai zuba wa madara ruwa.

Ga wanda bai sani ba, manyan kamfanoni irin su Google da Amazon suna gwada mai neman aikin injiniyan manhaja ne ta hanyar ba shi matsala ya warware cikin kamar minti 45, yana rubutawa yana bayyana tunaninsa da baki. Tun daga annobar korona ta 2020 akasarin wannan gwaji ya koma ta intanet. A 2025 wani ɗalibin Jami'ar Columbia a Amurka, Roy Lee, ya fito da manhajar Interview Coder, ya ɗauki kansa a bidiyo yana yaudarar Amazon da ita, jami'ar ta dakatar da shi, shi kuwa ya tara miliyoyin daloli ya kafa kamfani. A shekarar ce shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce za su dawo da aƙalla zagaye ɗaya na ido-da-ido.

To a nan nake so ku tsaya ku yi tunani. Ido-da-ido ga ɗan New York shiga jirgin ƙasa ne. Ga ni ɗan Gatawa fa?

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Mutanenmu suka koma neman sabis ɗin Nijar don kawai su ji muryar dangi. A Disamban shekarar aka ƙone matafiya fiye da 20 a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, aka kashe shi a hannun masu garkuwa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Hanyar da ba ta bar basarake ba, ita ce za a ce yaro mai kwamfutar aro ya bi ya isa Sakkwato, ya nemi kuɗin motar Legas, wataƙila ma ya nemi biza, don ganawar awa guda wadda ba shi da tabbacin ci. Intabiyu ta intanet ita ce 'yar ƙofar da ta rage mana, kuma masu satar amsa ne ke sa a ja ta.

Na san abin da za a ce. Za a ce tambayoyin nan ba su da alaƙa da aikin yau da kullum, kuma injiniyoyin kamfanin da kansu suna aiki da ƙirƙirarriyar basira. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ni ma ban taɓa son wannan salon gwaji ba. Amma idan kamfani ya ce maka yi amfani da ita a fili, kamar yadda wasu suka fara, bismillah. Idan ya ce kada ka yi, ka amsa da to, sannan ka ɓoye, ai ka san sunan abin da ka aikata. Kuma albashin da za ka ɗauka wata-wata a kan wannan ƙarya, da wane suna za ka kira shi gaban iyayenka?

Ni kaina na taɓa zama irin wannan ganawa da wani babban kamfani, a ɗakin wani abokina a Sakkwato, da batirin sola. Sau biyu sabis yana ɗaukewa. Na warware rabin matsalar, na kafe a sauran, na faɗa wa matar da ke min tambaya cewa nan ilimina ya tsaya. Ba su ɗauke ni ba, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai, don na riga na gama lissafin gidan da zan kama wa mahaifiyata a cikin gari. Sun ce in sake nema bayan wata shida.

Ɗan'uwan nan nawa ya sake turo min adireshin manhajar jiya da dare. Na goge, na koma kan tambayar da ta kayar da ni.

Wassalam.