Kafin a miƙa wa yaro makullin babur

Da an kai amfanin gona gida, bukukuwan aure kan yawaita a Sanyinna da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. A lokacin ne kuma ake yawan ganin yaron da ƙafarsa ba ta gama kai ƙasa ba a kan babur, ya goyo biyu ko uku, yana tsere da sa'o'insa wajen rakiyar amarya. Da yawa daga cikin waɗannan babura na gida ne, kuma uba ko yaya ne ya miƙa makullin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Dokar Najeriya ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisin tuƙi. Amma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ba za su iya tsare kowace hanyar ƙauye ba. Mun kuma ga yadda ta kaya a 2009, lokacin da aka tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Doka ta zo, amma ba a fara gamsar da mutane ba.

Shi ya sa muke ganin gari ne ya kamata ya shirya taronsa da kansa. Ba muna nufin taron sakatariyar ƙaramar hukuma ba, inda manya ke jawabi su raba lemo, yaran da ake magana a kansu kuma suna can bakin tasha. A kai taron inda samari suke, wato filin ƙwallo ranar wasan ƙarshe, ko bakin kasuwa, mako ɗaya kafin Sallah ko kafin bukukuwan kaka.

A ba ƙungiyar 'yan kabu-kabu fili ta nuna yadda ake duba birki da taya da fitila. A shirya gasar da wanda ya fi iya tafiya a hankali tsakanin duwatsu bai sa ƙafa ƙasa ba shi ne gwani, kyautarsa hular kwano. A gayyato ma'aikacin asibiti ya faɗi abin da buguwar kai ke yi wa mutum. Wanda ya taɓa karyewa, in ya yarda, ya ba da labarinsa da bakinsa, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Rabin aikin kuwa na iyaye ne. Liman ya taɓo batun a huɗubar Juma'ar da ta gabaci taron. Uban ƙasa da masu unguwanni su cimma matsaya da dangin ango cewa babu wasan babur a rakiyar amarya, kuma babu fiye da goyo ɗaya.

Wani zai ce yaron nan shi ke kai taki gona, shi ke kai mahaifiyarsa asibiti. Gaskiya ne, talauci da nisan hanya ba ƙarya ba ne. Sai dai gidan da ya dogara da yaro shi ya fi shiga uku ranar da aka kwantar da shi wata uku wajen mai ɗori, balle in ya hau babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, inda tirela ba ta san ɗan kowa ba.

Lahadi ta uku ta watan Nuwamba ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a riƙa tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su, kuma ta faɗo daidai lokacin kaka. Sanyinna na iya fara nata taron a ranar. Abin da ake buƙata shi ne fili da lasifika, da iyayen da za su riƙe makullinsu har yaro ya isa.